Idan kamfani ya kawo tallafin sauyin yanayi Zariya, ga inda kuɗin ya kamata ya sauka

A Zariya, watan Maris da Afrilu ne ke nuna wanda sauyin yanayi ya fi ci wa tuwo a ƙwarya. Rijiyoyin cikin gida sun ja baya, guga na dawowa da laka, 'yan ga-ruwa sun ƙara kuɗin jarka, 'yan mata kuma na layin fanfo a lokacin da ya kamata suna aji. Mai hali yana da burtsatse a gidansa da abin tayar da ita, don haka wannan wahalar labarinta kawai yake ji. A watan Agusta kuma, in ruwa ya kwana yana zuba, gidan ƙasa ne ke zubewa, wanda ya yi gini a bakin kogin Kubanni saboda nan ne kuɗinsa ya kai shi ne ke kwashe katifa da tsakar dare. Manomin da ya yi shuka da ruwan farko, sama ta ɗauke masa mako uku, shi ne zai sake sayen iri da bashi.

Waɗannan mutane ba su da masana'anta, yawancinsu ko babur ba su da shi. Duk nahiyar Afirka abin da take fitarwa na hayaƙin da ke ɗumama duniya bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Ma'anar adalci a sha'anin yanayi ke nan a taƙaice: wanda bai yi ɓarnar ba kada a bar shi ya biya kuɗinta shi kaɗai. Ƙasashe masu arziki sun amsa wannan magana a baki tun 2009 a Copenhagen, inda suka yi alƙawarin dala biliyan 100 duk shekara. A 2022 a Sharm el-Sheikh ta Masar aka amince da kafa asusun biyan asara da ɓarna, a 2024 a Baku aka ɗaga alƙawarin zuwa dala biliyan 300 a shekara nan da 2035. Nijeriya ma ta yi dokar sauyin yanayi a 2021. Amma tsakanin Baku da unguwar Dakace ta nan Zariya akwai ofisoshi da yawa, kuɗin nan ba ya sauri. Jihar Kaduna kuma ba ta cikin jihohi 11 na shirin katangar itatuwa ta Sahel, duk da cewa tana cikin shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai farfaɗo da ƙasar da ta lalace a Arewa.

Kuɗin da ya fi kusa da mu shi ne na kamfanonin da ke ciniki a nan: bankuna, kamfanonin waya, masu sarrafa iri da man girki da abincin kaji, masu sayen masara da waken soya a kasuwannin Giwa da Soba. Dokar man fetur ta 2021 ta wajabta wa kamfanonin mai su zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwarsu na shekara a asusun al'ummar da suke haƙa a cikinta, dokar ma'adinai ta 2007 ita ma ta wajabta yarjejeniya da mutanen gari. Mu ba mu da mai, don haka yawancin abin da kamfani zai bayar a Zariya ganin damarsa ne, ba dokar da ta tsara masa yadda zai yi. Shi ya sa tsarin ya rage tsakanin kamfanin da mutanen unguwa, kuma idan ba a zauna an yi shi ba, kuɗin kan tafi wajen rumfa da kujeru da allon sanarwa.

Kafin a zo maganar kyauta, akwai bashi. Kamfanin da ke sakin ruwan masana'antarsa cikin rafi ba tare da tacewa ba, ko wanda ledojin kayansa suka cika kwatocin Sabon Gari, gyaran wannan shi ne aikinsa na farko, kuma wajibi ne a kansa. Rijiyar da zai haƙa daga baya ba ta goge wancan. Mutanen unguwa suna da damar faɗin haka cikin ladabi tun a zaman farko.

Sai zaɓen wuri. Ba a shiga unguwa a ƙasar Zazzau a tsallake hakimi da dagaci da mai unguwa, kuma bai kamata a tsallake su ba, domin ranar da rigima ta tashi su za a nema. Sai dai zama a ƙofar gidan mai unguwa maza dattawa yake tarawa, alhali masu ɗiban ruwa da masu hura wuta suna cikin gida. Dole a yi zama na biyu na mata zalla, a cikin gida ko a Islamiyya, mace ta jagoranta. A nemi 'yan haya, a nemi masu noman aro, a nemi Fulanin da ke shayar da shanu a gefen gari. Tambayoyin da za su fitar da gaskiya ƙanana ne: nawa ake sayen jarka a Afrilu, minti nawa ake yi zuwa ɗibar ruwa da dawowa, gida nawa ya zube a daminar bara, wata nawa hatsin gida ke kaiwa kafin a koma awo. Idan aka jera amsoshin unguwa biyar ko shida a takarda ɗaya, wurin da ya fi buƙata zai bayyana, kuma sau da yawa ba shi ne na bakin kwalta ba.

Ruwa ne abin da aka fi roƙo, shi ne kuma aikin da ya fi mutuwa, don haka bari mu daɗe a kansa.

Ƙasar Zariya a kan dutse take zaune. Duwatsun Kufena da ake hangowa alama ce ta abin da ke ƙarƙashinmu. Ruwan burtsatse a irin wannan ƙasa yana samuwa ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogin da ke cikin dutsen, shi ya sa za a haƙa nan a samu, a matsa mita hamsin a tarar da ƙura. Saboda haka ba a fara haƙa sai masanin ƙasa ya zo da na'urar auna ƙasa da lantarki ya gwada aƙalla wuri uku, ya ba da rahoto a rubuce. Jami'ar Ahmadu Bello na da masu wannan ilimi a Samaru, akwai kuma Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando, Kaduna. Kuɗin awon ƙalilan ne idan aka kwatanta da kuɗin ramin da ba ruwa. Wurin da aka zaɓa ya yi nesa da shadda da bola da aƙalla mita 30, abin da ke da wuya a cikin birni inda gidaje ke manne da juna, amma sassauci a nan shi ke kawo amai da gudawa. Filin kuma a rubuta shi. Idan wani bawan Allah ne ya bayar, a yi takardar kyauta ko waƙafi, magada su sa hannu, mai unguwa ya shaida. Rijiyoyi da yawa sun koma cikin katangar gida bayan rasuwar mai filin saboda an tsaya a kan magana ta baki.

Yadda ake biyan ɗan kwangila shi ke yanke irin ramin da za a samu. In an ce za a biya shi a kan kowace mita, zai yi ta nutsawa cikin dutse tsantsa inda ba ɗigon ruwa. In an ce sai ya ga ruwa, zai tsaya a ruwan farko, musamman idan da damina ake aikin, sai Maris ya zo rijiya ta ƙafe. Maganin duka biyun shi ne mai sa ido wanda ba yaron ɗan kwangilar ba, yana tsaye a wurin yana rubuta irin ƙasar da ke fitowa a kowace mita uku da zurfin da aka ci karo da ruwa. Shi zai tabbatar an zura bututu mai kauri na inci 5 ko 6, an sa mai ramukan tacewa daidai inda ruwan yake, an zuba wankakkiyar tsakuwa a kewaye, an kuma toshe mita 5 zuwa 6 na sama da siminti don kada ruwan kwata ya bi gefen bututu ya gangara. Wannan toshewar ita aka fi sacewa, don ba mai ganinta bayan an rufe. Daga nan a busa ramin da iska har ruwa ya fito garau ba yashi, domin yashi ne ke cinye sumo, wato injin da ake zurawa cikin rami ya turo ruwa sama, cikin 'yan watanni.

Sai gwajin ƙarfin rijiya, wanda shi ne ginshiƙin komai. A ja ruwa awa 24 ba tsayawa, ana auna yawan da ke fita da yadda ruwan ke sauka a rami, sannan a kashe a ga cikin awa nawa ya dawo. Idan da hali a yi shi a ƙarshen rani. Ga dalilin a lissafi. Mafi ƙarancin abin da ake ƙiyasta wa mutum ɗaya a rana lita 20 ne, wato unguwa mai mutum 1,000 na buƙatar lita 20,000. Sola ba ta ba da cikakken ƙarfi sai na kimanin awa 6 a yini. Rijiyar da ke ba da rabin lita a daƙiƙa, kuma irinta ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu, za ta tara lita 1,800 a awa, lita 10,800 a yini, abin da zai ishi mutum 540 kacal. Wanda ya san wannan tun farko zai haƙa biyu, ko ya faɗa wa mutane gaskiya. Wanda bai yi gwajin ba zai sayo babban sumo ya zura, sumon ya zuƙe ramin cikin minti ashirin ya ci gaba da juyawa a bushe har ya ƙone, a ce kayan jabu ne, alhali lissafi ne ba a yi ba.

Ga irin wannan rijiya, idan daga inda ruwa ke tsayawa lokacin ja zuwa bakin tanki ya kai mita 50, sumo mai wat 550 zuwa 750 ya isa, da farantan sola da jimillarsu ta fi ƙarfin sumon da kamar rabi. A rataye sumon sama da gindin rami, a haɗa masa na'urar da ke kashe shi in ruwa ya yi ƙasa, a sa wata a tanki mai kashewa in ya cika. Kada a sa batir. Tanki shi ne ma'ajiyar, batir kuwa shi ke fara mutuwa, shi ne kuma ɓarawo ke fara nema. Farantan su fuskanci kudu, a karkace kamar digiri 10 zuwa 15, a ɗaure su cikin firam ɗin ƙarfe da aka yi wa walda a can sama. A kafa sandar tsawa. Da hunturu ƙura kan rufe su har ruwa ya ragu sosai, saboda haka a tanadi tsani da mai wanke su duk mako da sassafe, da ruwa da tsumma mai laushi, kafin gilashin ya yi zafi. Tankin lita 10,000 idan ya cika nauyinsa tan 10 ne, kuma yara ne ke tsayawa a ƙarƙashinsa. Ƙafafunsa aikin injiniya ne, kada a bar wa mai walda ya yi da ido. Kan fanfo ɗaya kada ya wuce mutum 250. A yi daɓen siminti da magudana zuwa ramin tsotsewa, ko a karkata ruwan da ke zuba zuwa kwamin shayar da dabbobi da 'yan itatuwa. Kafin kowa ya sha, a kai samfur ɗakin gwaji a duba ƙwayoyin cuta na bahaya da sinadarin naitiret, wanda bai kamata ya wuce miligiram 50 a lita ba.

Duk wannan rabin aikin ne. Kan fanfo na lalacewa cikin watanni, na'urar sarrafa wuta na iya ƙonewa, sumo na da iyakar shekarunsa. Idan an ce ruwa kyauta ne har abada, ranar da abin dubu ashirin ya lalace za a yi wata shida ana jiran kamfani, kamfanin kuma ya rufe littafin wannan shekarar. A sa ɗan kuɗi a kan jarka, ƙasa sosai da farashin 'yan ga-ruwa, a yafe wa gidajen marayu da tsofaffi da unguwa ta sani. Lita 10,800 jarka 432 ce ta lita 25. A misali, ko rabinsu aka karɓi naira 10 a kai, an tara sama da naira 60,000 a wata, wanda zai biya mai kula ya kuma bar wani abu a asusu. Kuɗin ya shiga banki, da sa hannun mutum biyu cikin uku, ɗaya mace, a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata uku. 'Yan ga-ruwa kuma kada a mai da su abokan gaba, wannan sana'ar ce abincinsu. A ba su kan fanfo nasu da lokacinsu da farashin sari, su kai wa gidajen da ke nesa da matan da ba sa fita. Kamfanin da ya san abin da yake yi zai ware kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kuɗin aikin don shekara uku na farko: horar da matasa biyu na unguwar, kayan gyara a ajiye, da zuwan mai gyara duk wata shida.

Dashen itatuwa shi ne abin da kamfanoni suka fi so, domin adadinsa na da daɗin faɗa. Dasa dubu goma aikin yini ɗaya ne. Abin da ke da wuya shi ne watan Nuwamba, lokacin da aka gama kaka aka saki awaki da tumaki, ruwa ya ɗauke, masu farautar gafiya suka fara cinna wa ciyawa wuta. Daga nan zuwa Mayu ne dashe ke mutuwa, kuma a nan ne ya kamata yawancin kuɗin ya tafi.

A yi dashe daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli, bayan damina ta zauna, don saiwa ta samu wata uku tana shan ruwan sama. Dashen Satumba asara ce. Rami ya kai rabin mita a faɗi da zurfi, a cakuɗa ƙasar sama da takin da ya riga ya ruɓe, domin ɗanyen taki gara yake kira. A yanke ledar a cire ta. Ana yawan binne dashe da ledarsa, saiwa ta naɗe a ciki, itacen ya tsaya cak shekara biyu sannan ya bushe. Kowane dashe na son kariya mai tsawon mita ɗaya da rabi, ta waya ko ta ƙaya, da share ciyawar da ke kewaye kafin hunturu. Ban ruwa kuwa, a ƙiyasta lita 10 sau biyu a mako. Dashe 1,000 ke nan na shan lita 20,000 duk mako, jarka 800, har na tsawon wata shida. Duk wanda ya yi wannan lissafin zai gane cewa ɗari biyar da aka tanadar wa ruwa da mai kula sun fi dubu goma da aka bar wa Allah da awaki. A bar kashi ɗaya cikin biyar na dashen a gandun reno don cike gurbi, a kuma biya masu kula bisa adadin da aka ƙirga da rai a watan Mayu.

Irin itacen ma abin dubawa ne. Dalbejiya da maɗaci na jure wahala a bakin hanya da filin makaranta. Mangwaro da gwaiba da zogale a cikin gida suka fi rayuwa, saboda akwai katanga, akwai ruwan wanke-wanke, akwai kuma mai shi. Raba wa matan aure dashe biyu-biyu na daga cikin hanyoyin da suka fi arha. Itacen turare na shan ruwa sosai, a nisanta shi da fadama da rijiya. Rimi, wanda da shi aka san Zariya, yana son fili mai faɗi nesa da gini. A gona kuwa manomi ba zai yarda da abin da zai yi wa masararsa inuwa ba, sai irin gawo, mai zubar da ganye da damina ya yi taki, ko ɗorawa da kaɗanya masu kawo kuɗi. Wanda ke noman aro ko haya ba zai dasa komai ba sai an fayyace wa zai mallaki itacen. Akwai kuma hanyar da manoman Maraɗi suka bi tun shekarun 1980: maimakon a tumɓuke kututturen da ke tohowa lokacin sharar gona, sai a zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafi ƙarfi a bari, a sassabe sauran. Saiwar ta riga ta yi zurfi, ba ta buƙatar ban ruwa. Da wannan aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Abin da take ci shi ne horo da yarjejeniya da masu saran itace da makiyaya. Ba ta da ranar biki, shi ya sa ba a cika kawo ta ba, amma ta cancanci kuɗin kamfani fiye da yawancin dashe.

A harkar noma Zariya ba ta da uzuri, domin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana nan tun 1922, kuma ita ta fitar da irin masara na SAMMAZ, wake na SAMPEA, gyaɗa ta SAMNUT da dawa ta SAMSORG, cikinsu akwai masu nuna da wuri da masu jure fari da wuta-wuta. Matsalar tallafin iri lokaci ne. Irin da ya iso a Yuli ya zama abinci. Ya kasance a hannun manomi kafin ƙarshen Afrilu, kimanin kilo 20 na masara ga hekta ɗaya, a kuma faɗa masa ko irin aure ne da ba a maimaita shukawa, ko wanda zai iya ajiyewa ya sake shukawa shekara biyu ko uku. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Ɗaukar nauyin karanta shi da Hausa a rediyo da bayyana shi ga ƙungiyoyin manoma zai hana mutane da yawa shuka da ruwan yaudara. Bayan girbi, buhun PICS mai leda biyu a ciki na hana ƙwari cin wake ba tare da magani ba, da sharaɗin hatsin ya bushe sarai, an ɗaure kowace leda daban, an kuma ɗora buhun a kan katako inda ɓera ba zai huda shi ba.

Masu noman rani a bakin kogin Galma sun ji jiki tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, don haka injin ban ruwa mai sola taimako ne na gaske. Abu biyu ke ɓata shi. Injin da ke zaune a sama ba ya jawo ruwan da ya wuce zurfin mita 7, saboda haka a auna rijiyar fadamar a Maris kafin a saya. Na biyu, tunda rana ba ta da kuɗi, mutum kan bar inji na aiki yini guda, ruwan maƙwabcinsa ya ja baya. Bayar da shi bashi mai sauƙi ga rukunin mutum uku zuwa biyar masu gonaki a jere, da jadawalin ban ruwa a rubuce, ya fi raba shi kyauta ga wanda ya fi kusa da masu rabo.

Murhu mai rage cin itace na da amfani ga ƙirjin mata da aljihun maigida, amma sai ya iya ɗaukar tuƙin tuwo. Wanda tukunya ke rawa a kansa, ko wanda sai an faskara itace ƙanana-ƙanana, zai koma bayan ɗaki cikin wata guda. A gwada a gida ashirin tukuna: a auna itacen da suke ƙonawa da sikeli kwana uku kafin a ba su, a sake aunawa bayan wata ɗaya. Masu abincin sayarwa da masu ƙosai da masu turara shinkafa sun fi kowa ƙona itace, da su ya kamata a fara. A kuma yi hattara da takardar da ake ba mata su dangwala. Wasu masu raba murhu suna sayar wa kamfanonin waje shaidar hayaƙin da aka rage, wato ciniki ne. Ba laifi ba ne in an bayyana, an kuma faɗi rabon unguwa. Wani binciken Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley da aka wallafa a 2024 ya gano cewa irin waɗannan ayyuka na murhu suna ƙirga ragin hayaƙi kusan ninki tara fiye da abin da ya auku. Duk takardar da ba a karanta wa mutum da Hausa ba, kada ya sa mata hannu.

Kwata kuwa, a yashe ta a Afrilu da farkon Mayu, a kwashe abin da aka fitar a ranar, in ba haka ba ruwan farko zai mai da shi ciki. Gina sabuwa kuma daga inda ruwan zai fita ake farawa a hauro, don kada a kwashe ambaliyar wata unguwa a juye wa ta ƙasa da ita.

Abin da zai riƙe duk waɗannan shi ne takarda ɗaya, shafi biyu ko uku, da Hausa da Turanci. Ƙungiyar unguwa ta yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, don ta iya buɗe asusu da sa hannu da sunanta. Takardar ta faɗi jimillar kuɗin da abin da za a saya dalla-dalla, wanda ya mallaki fili da kayan, wanda zai gyara in ya lalace da cikin kwana nawa, lambar wayar da za a kira a kamfanin da ofishin da ke da alhakin, don ma'aikaci na iya barin aiki. A sanar da ƙaramar hukuma da RUWASSA, hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara ta jiha, saboda rijiyar ta shiga lissafinsu kuma kada wani ya zo ya sake haƙa wata a gefenta. A manna kwafi a bangon masallaci ko makaranta. Ɗan kwangila a biya shi kashi-kashi: bayan awon ƙasa, bayan gwajin awa 24, bayan an ga ruwa a kan fanfo. Kashi 10 na ƙarshe a riƙe shi shekara guda, a sake shi bayan wakilin kamfani da kwamitin unguwa, har da matan cikinsa, sun je wurin tare a watan Afrilu da azahar, sun buɗe kowane kan fanfo, sun auna minti nawa jarka ke ɗauka kafin ta cika, sun kuma duba littafin asusu.